Yadda Ake Mayar da Oba-obar Mota Tashar Maimaita Saƙo

Wani mai sauraro daga garin Azare ya aiko da tambaya kan ko tsohuwar rediyon oba-oba ta mota za ta iya zama tashar maimaita saƙo, wato na'urar da ke karɓar murya mai rauni ta sake watsa ta nesa, domin masu rediyon sha'awa.

Amsar ita ce tana iya zama, amma rediyo biyu ake haɗawa, irin su Motorola GM300, ɗaya tana karɓa, ɗaya tana watsawa a lokaci guda, kuma dole zangon karɓa ya bambanta da zangon watsawa. A zangon mita 2, tazarar da aka saba bari ita ce kilohaz 600. In eriya ɗaya za su yi tarayya a kanta, sai an sa dufuleksa, wato matatar da ke hana mai watsawa kurmantar da mai karɓa.

Babbar matsalar dai zafi ce, domin an ƙera oba-obar mota ne don gajeriyar magana, shi ya sa ake rage ƙarfin watsawarta, a kuma ɗaura mata fanka. Lasisin hukumar sadarwa wajibi ne kafin a kunna tashar.