Malamai Huɗu a Birnin Landan

Yaron da aka haifa a Kagara, ran da ya fara zuwa kasuwar Goronyo, gani yake duk mutanen duniya sun taru a wurin. In ya ƙara girma ya shiga Sakkwato, sai ya ga ashe Goronyo ba ta kai yadda ya zata ba. To, bayan Sakkwato akwai waɗansu birane a ƙetaren teku waɗanda suka ninka ta sau da yawa. Yau za mu karanta labarin waɗansu malamai da suka je ɗaya daga cikinsu.

A cikin shekarar 1945 aka zaɓi malaman makaranta huɗu daga Arewa su tafi Jami'ar Landan, a ƙasar Ingila, don su ƙaro ilmin koyarwa. Su ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Yahaya Gusau, da Malam Bello Kano, da Malam Abdurrahman Mora. Dukansu sun yi karatu a Kwalejin Katsina, sun kuwa iya Turanci sarai. Amma sanin gari a takarda daban, taka shi da ƙafa daban. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne.

A zamanin nan tafiya Ingila ba wasa ba ce. Hanyar da aka saba bi ita ce mutum ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can ya shiga jirgin ruwa, ya yi wajen mako biyu bisa teku. Yanzu kuwa jirgin sama daga Abuja ba ya cika awa bakwai sai ya sauka Landan.

Malaman nan sun tarad da birnin yana jinyar raunukansa, gama a shekarar ne aka gama Yaƙin Duniya na Biyu. Gidaje da yawa bom ya rushe su. Abinci ya yi ƙaranci, har gwamnati ta ƙayyade wa kowa iyakar naman da zai saya a mako, haka sukari da man shanu da ganyen shayi. Kowane mutum yana da ɗan littafinsa na rabo, mai kanti ya duba kafin ya auna masa. Ko riga ba ta sayuwa da kuɗi kaɗai, sai an haɗa da takardar rabo.

Ga kuma sanyi. Hunturunmu na bakin Gulbin Rima, wanda ke sa ku jin ɗumi da asuba, wasa ne in an gwada shi da nasu. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi. Sau da yawa ma hazo kan rufe ta wuni zubur. Saboda haka wanda ya saba duban inuwa ya san azahar ta yi, dole ya koma ga agogo. Alƙibla ma sai ya tambaya, don a can tana tsakanin gabas da kudu ne.

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, wanda aka fara tun 1863. Mutum ya gangara rami, ya shiga jirgi, ya fito wata unguwa mai nisa, bai ga rana ba balle ya san inda ya dosa. In ya kuskure tasha ɗaya, ya ɓata ke nan. A nan ne amfanin abokin tafiya yake. Abin da ɗaya ya manta wani ya tuna, in kewar gida ta kama ɗaya sauran su ɗebe masa da hira cikin harshensu.

Da suka komo a 1946, ba takardar shaida kaɗai suka kawo ba. Malam Abubakar ya faɗa daga baya cewa ya dawo da sababbin idanu, don ya ga mutane suna bin doka ba da tsoron kowa ba. A 1950 ya miƙe a majalisa a Kaduna, ya nemi a gyara mulkin En'e, a riƙa jin muryar talakawa. Shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko. Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa nan kusa da mu a Rabah, shi ma ya je Ingila a 1948, ya koyo yadda suke tafiyad da mulkin garuruwansu.

Yara, wata rana waninku zai ƙetare teku da abokansa. In ranar ta zo, ya adana fasfonsa a jikinsa, ya rubuta sunan masaukinsa a takarda ya sa aljihu. Kafin su fita, su yanke inda za su haɗu in sun rabu. Ya lura da hannun da motoci ke bi, gama a Ingila hagu suke bi, mu kuwa dama tun 1972. Kada ya ji kunyar tambaya, matambayi ba ya ɓata. Gaba da kome, ya buɗe ido ya nemi abin da zai amfani garinsu, don wanda ya komo da tsarabar jaka kaɗai, kwana kaɗan ta ƙare.

Tambayoyi

1. Faɗi sunayen malamai huɗun nan, da abin da ya kai su Landan.
2. Don me aka ƙayyade abinci a Ingila a 1945?
3. Me ya sa baƙo ba zai dogara ga inuwa ba a can?
4. Rubuta jimla biyar a kan ran da ka fara zuwa wani babban gari.