Daɓen Katako: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Biya

Duk wanda ya zauna a Kano ya san halin ƙyauren katako. Da damina ya kumbura ya ƙi rufuwa, da hunturu ya tsuke har a hangi haske ta tsakaninsa. Abin da ke samun ƙyaure shi ke samun daɓe. Hakimai da malamansu su ne jama'a kan nemi shawararsu, a kuma kwaikwayi gidajensu, saboda haka ya wajaba su fahimci al'amarin.

Daɓen katako iri uku ne. Akwai na tsantsar itace, kamar loko ko maɗaci. Yana da ƙarko, amma shi ya fi motsi. Akwai kuma mai falle-falle, watau an yanka itace siriri an manna da gam, kowane falle ya gitta wa na ƙarƙashinsa, sa'an nan aka ɗora itace mai kyau a bisa. Hikimar ita ce, itace ta faɗinsa yake kumbura, ba ta tsawonsa ba; idan aka gitta su, sai kowane ya riƙe ɗan'uwansa. Wannan shi ya fi dacewa da ƙasarmu. Na uku garin katako ne da aka matse, aka liƙa masa hoton itace. Yana da araha, amma ruwa na shigarsa ya lalace, ba gyara. Mai saye ya dubi gefen katakon da idonsa, kada ya tsaya ga bakin dillali. Fallen saman ya kai milimita 3, domin a iya goge shi a sabunta.

Amma fa yawancin ɓarna wajen shimfiɗawa take aukuwa. Magidanci a Dakata, kusa da masana'antun Bompai, ya sayo kaya da safe, ya ce lalle kafinta ya gama kafin magariba. Alhali katakon daga ƙasa mai laima ya fito, ko dai kurmin Kudu ko ƙetare ta Ikko. Dole a ajiye shi kwance cikin ɗakin, aƙalla kwana 3, ya saba da iskar wurin.

Simintin ƙasa kuwa ya bushe sarai. Ƙa'idar magina ita ce wata guda ga kowane inci na kauri. A daidaita shi, a shimfiɗa leda mai kauri don tsare danshi, a kuma bar tazarar kamar rabin inci tsakanin katako da bango ta kowane gefe. Wanda ya shimfiɗa da hunturu bai bar tazara ba, zai ga daɓensa ya yi tozo cikin Agusta.

Saura gara. A zuba magani a harsashi tun kafin siminti, gama gam ba ya hana ta ci. Kada a sa irin wannan daɓe a makewayi ko inda ake alwala, kuma a gargaɗi yara su goge shi da tsumma mai ɗan danshi, ba su kwarara masa ruwa ba.