Ƙanƙara da Motsa Jiki ga Masu Amosanin Gaɓɓai

Amosanin gaɓɓai, wanda jama'a suka fi sani da sanyin ƙashi, ciwo ne mai daɗewa da ke kama gwiwa da ƙugu da yatsu, kuma iri biyu ne aka fi sani: wanda ke zuwa idan guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashi ya zaizaye, da kuma wanda garkuwar jiki ke haddasawa idan ta juyo ta far wa tantanin da ke kewaye da gaɓa har ta kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da na farko, miliyan 18 kuma da na biyu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne damuwar da ciwon ke jawowa. Mai zogi a gwiwa barcinsa ba ya nisa, wanda barci bai ishe shi ba kuwa zogi ya fi cin sa, daga nan sai ya shiga tsoron motsi, ya rage fita, ya koma yin salla a zaune, har naman cinya ya saki, gaɓa ta ƙara sagewa, kaɗaici kuma ya haɗu da ciwo.

Sunan nan na sanyin ƙashi ya sa mutane da yawa suna gudun ƙanƙara, alhali ga gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, sanyi sauƙi yake kawowa, domin yakan tsuke ƙananan hanyoyin jini, ya rage kumburi, ya kuma dakushe jijiyoyin da ke kai saƙon zogi ga ƙwaƙwalwa. Ana farfasa ƙanƙara a zuba a leda, a naɗe ta cikin tawul ko tsohon ɗankwali, a ɗora a gaɓar minti 15 zuwa 20, sa'an nan a ɗauke, kada a maimaita sai fata ta koma yadda take. Ba a ɗora ta kai tsaye, don ƙanƙara na ƙona fata kamar yadda wuta ke yi. Sagewar asuba kuwa, wadda ba kumburi a cikinta, gashi da ruwan ɗumi ya fi yi mata.

Akwai kuma sanyaya jiki baki ɗaya, dabarar da likita Yamauchi ya soma a Japan a 1978, inda majiyyaci kan tsaya minti 2 zuwa 3 cikin ɗakin da sanyinsa ya kai digiri 110 ƙasa da sifili. Ta yaɗu a Jamus da Poland, amma a 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta bayyana cewa ba ta ga hujjar da ta tabbatar da amfaninta ba, saboda haka wanda bai samu shiga irin wannan ɗaki ba bai yi asarar wani abin kirki ba.

Sauƙin da sanyi ke bayarwa na ɗan lokaci ne, babban amfaninsa shi ne ya kwantar da zogi yadda mutum zai ci gaba da motsawa. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini, abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, ruwan kuma ba ya ratsa shi sosai sai ana lanƙwasawa ana miƙewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, wato tafiyar minti 30 sau biyar, wadda ana iya rarraba ta goma-goma, kuma irin wannan tafiya takan gyara barci ta rage ƙuncin zuciya. Don ƙarfafa cinya, a zauna a kujera, a miƙe ƙafa, a ƙirga biyar, a sauke a hankali, a yi haka sau goma. Idan zogin da motsi ya tayar ya wuce awa biyu bai lafa ba, to an zarce, sai a rage washegari.

Mai sikila kada ya kusanci ƙanƙara, domin sanyi na tayar masa da ciwo, haka nan mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina ji sosai. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi tare da zazzaɓi, a kai mai ita asibiti a ranar.