Karatun aikin jarida zai ciyar da ni?

Tambaya: Malam, daga Batsari nake. BUK ta ba ni gurbin karatun aikin jarida, amma Baba ya ce ba ya kawo kuɗi.

Amsa: Ɗana, Baba bai yi ƙarya ba. Albashin sabon ɗan jarida a gidajen rediyonmu bai taka kara ya karya ba, wani lokacin ma sai an yi jira.

Amma je ka karanta. Tun daga shekarar farko koyi tace murya da haɗa bidiyo a wayarka, ka ƙware a fassara. Abin da ake biya ke nan.

Kana da abin da ɗan birni ba shi da shi. Ka san ƙauyukan bakin dajin Rugu har zuwa Safana, mutanensu za su buɗe maka baki. Editoci na neman irinka. Sai dai ka kula da ranka, don Allah.