Salla Da Azumin Mai Yawon Buɗe Ido A Ƙasar Alaska

 

Darasin wannan mako ya shafi Musulmin da Allah ya hore wa hali, ya ƙudura niyyar zuwa can ƙuryar arewacin duniya don kallon namun daji da duwatsun ƙanƙara. An ɗauki Alaska ta zama misali, domin a cikinta ake samun dukan mas'alolin da irin wannan tafiya take tayarwa. Ita Alaska jiha ce ta Amurka, wadda ta saye ta daga hannun Rasha a 1867 a kan dala miliyan 7 da dubu 200. Faɗinta ya kusa ninka na Nijeriya sau biyu, amma mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Babban birninta na mulki ma, watau Juneau, ba hanyar mota da ta kai gare shi, sai jirgin sama ko na ruwa.

Farkon abin dubawa shi ne niyya, domin a kanta rangwamen matafiyi ya rataya. Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da yin tafiya a bayan ƙasa don lura da halitta, kamar yadda ya zo a Suratul Ankabuti. Amma Shaihu Halilu, da ya zo zancen ƙasaru a cikin Muhtasar, ya ware mutum biyu daga wannan sunna: wanda ya yi tafiyar saɓo, da wanda ya yi ta don wargi tsantsa. Masu sharhi suka ce na farko an hana shi, na biyu kuwa an karhanta masa, suka buga misali da mai farauta don nishaɗi kawai. To, wanda ya fita don ya huta, ya ƙaru da sani, ya ga ikon Ubangijinsa, tafiyarsa halal ce. Yana mayar da salla mai raka'a huɗu biyu, tun da ya wuce mil 48 nesa ba kusa ba, sai fa in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari guda, sa'an nan ya cika.

Sai zaɓen wata, wanda shi ne ginshiƙin shirin duka. Masaukan baƙi da motocin gandun daji suna aiki ne daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba. Gandun Denali, wanda aka kafa a 1917, ya ninka Yankari kamar sau goma, kuma a cikinsa dutsen da ya fi kowane tsawo a Amurka ta Arewa yake, mai mita 6,190. Hanya guda ce ta ratsa shi, mil 92. Motar mutum ba ta wuce mil 15 na farko, daga nan sai bas ɗin gandu. A 2021 zabtarewar ƙasa ta sa aka rufe hanyar daga mil 43, saboda haka lalle matafiyi ya bincika iyakar inda bas yake kaiwa kafin ya biya kuɗi. A nan ake ganin beyar, dabbar da Larabawa suke kira dubbu, da kyarkeci, da fararen tumakin dutse, da garken barewar ƙanƙara da ake kira karibu, da kuma mus, wani irin gwanki mai girman doki. Mai son ganin beyar tana cafe kifi a bakin gangaren ruwa sai ya nufi Brooks, a gandun Katmai, cikin Yuli, kuma ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa ne yake kai mutane. Mai son manyan dabbobin teku da kogunan ƙanƙara masu karyewa suna faɗawa cikin ruwa, daga garin Seward zai shiga jirgin ruwa. Hasken arewa kuwa, wannan mai launin kore da yake kaɗawa a sararin sama kamar labule, ba a ganinsa sai da duhu, watau daga ƙarshen Agusta zuwa Afrilu.

Duhun nan shi ne matsalar. A Kano, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba, har mutum ya saba ya ɗaga kai ya dubi rana ya san lokaci. A Anchorage, birnin da yawancin baƙi suke sauka, ranar 21 ga Yuni yini awa 19 ne da minti 21. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 11:42 na dare, ta fito wajen 4:20, kuma ba ta yin tsaka sai kusan ƙarfe 2 na agogo. A Fairbanks yinin ya kusa awa 22, magariba ba ta yi sai an wuce sha biyun dare. A Utqiagvik, garin da ya fi kowane arewa a Amurka, rana ba ta faɗuwa sam daga wajen 10 ga Mayu zuwa farkon Agusta, kuma ba ta fitowa daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. Ko a inda take faɗuwar ma, ba ta nutsewa da nisa. Shafaƙin magariba yakan yi ta jan jiki ta gefen arewa har ya haɗu da hasken alfijir, alamar lisha ta ɓace, ta asuba ta ɓace.

Mas'alar ba sabuwa ba ce. Ibn Fadlan, jakadan Halifa Muƙtadir, ya isa Bulgar a bakin kogin Volga a 922, ya ba da labarin gajartar darensu. Daga baya malaman Hanafiyya suka saɓa a kan lishar mutanen wannan ƙasa. Al-Baƙƙali ya ce ta saraya daga kansu tun da lokacinta bai shiga ba, ya kamanta su da wanda aka yanke wa ƙafafu, wanda farillar wanke ƙafa ta faɗi daga kansa. Ibnul Humam ya ƙi wannan, ya ce salloli biyar aka farlanta wa kowa ba tare da togiya ba, kuma Shihabuddin Marjani, malamin Kazan da ya rasu a 1889, ya rubuta littafi sukutum don kare wajabcinta. Maganar Ibnul Humam ita ce mai ƙarfi. Hujjarta hadisin Nawwas bin Sam'an ne da Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin cewa a zamanin Dujal za a yi yini guda mai tsawon shekara. Sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar a cikinsa, ya amsa da cewa ba za ta wadatar ba, ya umurce su da ƙaddara lokaci.

Yadda za a ƙaddara, a nan malaman zamani suka rabu. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya, a 1398 bayan Hijira, ta ce muddin ana samun dare da rana a cikin awa 24, to, a bi ranar wurin komi tsawonta. Inda ba a samu ba, a bi gari mafi kusa da yake da su. Majalisar Fiƙihu ta Rabita, a 1986, ta raba ƙasashen nesa kashi uku bisa ga digirin nisansu daga tsakiyar duniya. Tsakanin digiri 48 da 66, inda Anchorage da Fairbanks suke, azahar da la'asar da magariba suna nan bisa ranar wurin. Lisha da asuba kuwa, in alamarsu ta ɓace, sai a duba kason da suke ɗauka na dare a digiri 45, a ba su irin wannan kaso a cikin gajeren daren. Sama da digiri 66, dukan lokuta a kan digiri 45 ake auna su. Darul Ifta ta Masar ta bi wata hanya a kan azumi, ta ce in yini ya kai awa 18 a koma ga tsawon yinin Makka. Da yawa daga cikin Musulmin Anchorage, waɗanda suke da masallacinsu a birnin, sa'o'in Makka suke bi.

Kowace daga cikin fatawowin nan tana da madogara. Abin da ba shi da madogara shi ne mutum ya riƙi wannan yau, gobe ya riƙi waccan, gwargwadon inda barci ya kama shi. Ya kamata ya zauna da malami tun yana gida, ya tsayar da guda, ya rubuta jadawalin kwanakinsa gari gari a takarda. Ba a dogara ga wayar hannu a nan, domin manhajar salla takan ba da lokutan banza a irin wannan nisa in ba a saita ta ba, kuma a cikin gandun daji sau da yawa ba a samun layi. In ya sauka a Anchorage, ya bi jama'ar masallaci, don baƙo ba ya raba kan 'yan gari.

Baƙo yana da wani sauƙi da mazaunin wurin ba shi da shi, watau haɗa salla. Wanda ya haɗa magariba da lisha bayan faɗuwar rana ya huta da neman shafaƙin da ba zai ɓuya ba. Sai dai Malikiyya sun tsayar da wannan rangwame ga tafiyar tudu, ban da ta ruwa, kuma wannan ya shafi masu shiga manyan jiragen ruwan shaƙatawa da suke tashi daga Seattle ko Vancouver su yi mako guda suna bin gaɓa. Su sai ƙasaru kawai, kowace salla a lokacinta. Shafi'iyya sun fi faɗaɗawa, ba su bambanta tudu da ruwa ba. Asuba ce ba ta haɗuwa da kowa, kuma ita aka fi hasara. A Fairbanks cikin Yuni awa biyu ne da 'yan mintoci tsakanin faɗuwar rana da fitowarta. Gara mutum ya yi barcinsa bayan la'asar, ya tashi da magariba, ya zauna har ya sallaci asuba, da ya kwanta a ɗaki mai baƙin labule ya farka hantsi.

Duk wannan wahala tana raguwa ga wanda ya zaɓi makon farko ko na biyu na Satumba. Dare ya dawo da alamominsa, sauron da yake addabar mutane a Yuni da Yuli ya tafi, beyar tana komowa kogin Brooks, bas yana aiki, kuma ana iya dacewa da hasken arewa. Abin da zai biya shi ne sanyi da ruwan sama, da yiwuwar saukar ƙanƙara a Denali. Zancen azumi kuwa ya yi sauƙi a 'yan shekarun nan. A 2016 Ramalana ya kama a Yuni, a 2025 ya kama a Maris, lokacin da dare da rana suke kusan daidaita a ko'ina, kuma yana ƙara gangarawa cikin hunturu. Ga matafiyi ma, an yarje masa ya sha ya rama, ko da yake yin azumin ya fi ga mai iko.

Alƙibla tana ba mutanenmu mamaki. Wanda ya tashi yana cewa a fuskanci gabas, in ya isa Anchorage arewa zai fuskanta, ya ɗan karkata hagu kaɗan, domin hanya mafi kusa zuwa Ka'aba ta bisa ƙoƙon duniya take bi. Allurar kamfas kuma a can tana kaucewa daga arewa ta ainihi zuwa dama da digiri goma sha wani abu, sai a lura.

Wajen tsarki, narkakkiyar ƙanƙara ruwa ce mai tsarkakewa. Wanda ya ji tsoron cuta saboda sanyi, bai kuwa sami abin ɗumama ruwa ba, ya yi taimama, kamar yadda Amru bin Asi ya yi a wani dare mai sanyi a yaƙin Zatus Salasil, Annabi bai hana ba. Malikiyya sun lissafa ƙanƙara cikin abin da ake taimama a kansa. Ya dace matafiyi ya sayi huffi na fata tun daga gida, ya sa shi bayan cikakkiyar alwala a ƙarƙashin takalmin sanyi, domin a mazhabar Malik ba a shafa a kan safar zare, kuma ba a ƙayyade wa shafar huffi kwanaki ba.

Abinci ba wuya ga mai cin kifi. Dabbar teku halal ce a wurin Malik ko ba yanka, sahabbai ma sun ci wata ƙatuwar da teku ta jefo musu a yaƙin da Abu Ubaida ya jagoranta. Amma a tambayi mai suya, domin sau da yawa da giya ake dama fulawar da ake tsoma kifin. Naman da ake ɗurawa a hanji ana sayarwa a titunan Anchorage da sunan naman barewar ƙanƙara, galibi gauraye yake da alade. Naman beyar makaruhi ne a mashhurin Malikiyya, haram ne a wurin sauran mazhabobi uku. Kilishin guzuri kuwa a bar shi a gida, ma'aikatan kwastan na Amurka ba sa barin irinsa ya shiga.

Saura ladabi da dabbobin da aka je gani. Dokar Denali ita ce a bar yadi 300 tsakanin mutum da beyar, yadi 25 tsakaninsa da sauran dabbobi, kuma ba a ba kowace dabba abinci, domin beyar da ta saba da abincin mutane ƙarshenta harbewa ake yi, alhakinta kuwa yana wuyan wanda ya fara jefa mata. Ba a gudu a gabanta, gudu ne yake sa ta bi mutum. Uwar mus mai ɗa ba ta gaza beyar haɗari ba. Hancin beyar yana jawo ta ga duk abu mai ƙamshi, har da sabulu da man goge baki da turaren da Musulmi yake shafawa, don haka mai kwana a tanti ya kulle su a cikin gwangwanin da ma'aikatan gandu suke bayarwa, nesa da makwancinsa. In lokacin salla ya yi a daji, a nemi fili inda ido yake kaiwa nesa, ɗaya ya yi tsaro ɗaya ya yi salla, sa'an nan su sauya. In kuwa dabba tana kusa, lokaci yana neman fita, malamai sun yarje wa mai tsoron naman daji ya yi farilla a bisa abin hawansa da nuni, kuma kujerar bas tana shiga cikin wannan hukunci.