Abokin Kirki Da Farin Cikin Yaro

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, yaro a garin Zango, cikin masarautar Daura, yakan yi sammako zuwa makarantar allo, da hantsi yana firamare, da la'asar kuma yana Islamiyya. Tun da aka soma shirin ilmin firamare na kowa da kowa a 1976, lokacin da yara ke yi tare da tsararrakinsu ya ƙaru ainun. Amma uba yakan tambayi izu nawa ɗansa ya kai, da na nawa ya zo a jarrabawa, ba safai ya ke tambayar wa ya ke zama da shi ba. Alhali kuwa walwalar yaro da ƙuncinsa suna rataye da wannan tambaya.

Musulunci bai bar al'amarin nan sakaka ba. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa Annabi (S.A.W.) ya kwatanta abokin zama nagari da mai sayar da turaren almiski, wanda ko bai ba mutum kome ba zai shaƙi ƙamshi, mugun aboki kuwa da mai zuga a maƙera, ko ya ƙona tufa ko ya bar mutum da wari. Aya ta 67 ta Suratuz Zukhruf ta nuna cewa ranar alƙiyama duk wata abota za ta koma gaba, sai ta masu tsoron Allah. Littafin Ahalari ma, wanda ɗalibai ke soma karatun fiƙihu da shi a zaurukan malamai, tun a farkonsa ya hana abota da fasiƙi. Hausawa ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

To, yaya za a gane nagari? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo siffofi 5 cikin Bidayatul Hidaya: hankali, da kyakkyawan hali, da nagarta a addini, da rashin kwaɗayin duniya, da gaskiya. A wajen yara siffofin ba su ɓuya. Wanda ke raba ƙosansa da abokinsa, ya duba shi ranar da bai zo makaranta ba, in sun yi faɗa su shirya kafin a tashi, wannan shi ne aboki. Wanda kuwa ba ya matsowa sai an ba yaro kuɗin tara, ko ya riƙa yi masa ba'a gaban jama'a, wannan ɗan maƙera ne.

Binciken zamani ya zo daidai da haka. A 1993 wasu masana biyu a Amurka, Jeffrey Parker da Steven Asher, sun binciki 'yan firamare 881, suka tarar cewa yaran da ba su da amini sun fi jin kaɗaici, kuma ingancin abotar kansa yana da tasiri. Ashe aboki ɗaya amintacce ya fi taron abokan wasa.

Sabo da haka kulle yaro a gida don gudun miyagun abokai ba magani ba ne, kaɗaici ma cuta ne. Wajibin iyaye su san abokin ɗansu da gidansu, su bar shi ya shigo, a ci tuwo tare. Malamai kuma suna da abin koyi ga Annabi (S.A.W.), wanda da ya isa Madina ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, kamar Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u. In an kawo baƙon yaro daga ƙauye, ko maraya, ko almajiri, sai malam ya haɗa shi da wani mai natsuwa, ya riƙa lura da wanda ke rakuɓewa shi kaɗai lokacin tara.

Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, Ya haɗa su da abokai nagari, amin.