Masaƙar Kakana da Matar Ƙasar Folan

Ni mutumin Kafur ne, kuma jikan masaƙi. Tun da na shigo makarantar kwana ban taɓa gaya wa kowa haka ba, don gudun tsokanar 'yan ajinmu. Abin da ya sa yau na fito da maganar shi ne wani hoto da malaminmu na zane-zane ya nuna mana a zangon da ya wuce.

Kafin in zo kan hoton, bari in ɗan bayyana yadda aikin yake a gidanmu. Ƙasarmu, watau daga Kafur zuwa Malumfashi da Funtuwa, ƙasar auduga ce. Idan an tsince ta bayan damina, akan sayar da mafi yawanta, a rage kaɗan a gida. Kakata ita ke gurje ta ta fitar da angurya, ta shiɓe, sa'an nan ta kaɗa zare da mazari, ko arafiya mai laushi ko abawa mai kauri. Daga nan sai aiki ya koma hannun Kaka. Ya yi wadari, ya ɗaure bakin zaren a jikin kunkuru, watau katakon nan da ake ɗora wa dutse don zaren ya miƙe, ya zauna yana jefa ƙoshiya. Ƙwaryar da ke fitowa siririya ce, sai an haɗa da yawa kafin a sami gwado guda. Wannan sana'a ba ƙarama ba ce a tarihi. Bature matafiyi, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can har Tambutu ake kai su.

To, hoton da Malam ya nuna mana na wani jan saƙa ne mai kaushi, rataye daga rufin wani babban zaure, ya ninka tsawon mutum. Ba riga ba ne, ba kuma shimfiɗa ba, mutane kewaya shi suke yi suna kallo. Wadda ta saƙa shi ita ce Magdalena Abakanowicz, 'yar ƙasar Folan. An haife ta a 1930 kusa da birnin Warso. Tana 'yar shekara tara Jamusawa suka mamaye ƙasarsu, kuma a cikin yaƙin nan wani soja ya harbi uwarta, ta rasa hannu. Bayan yaƙi gwamnati ta ƙwace gonakinsu. Duk da haka ta yi karatun zane a Warso, ta gama a 1954.

Da yake ba ta da kuɗin kayan aiki, sai ta riƙa tsintar tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa, ta warware su, ta wanke, ta rina, ta saƙa. Ɗakinta ƙarami ne, don haka a masaƙar wata dattijuwa mai saƙa ta fara manyan ayyukanta. Waɗannan saƙe-saƙe su ake kira Abakan, daga sunanta. A 1965 ta ci lambar zinariya a bikin nunin fasaha na Sao Paulo a ƙasar Burazil, a shekarar kuma ta fara koyarwa a birnin Poznan, har zuwa 1990. Daga baya ta yi siffofin mutane marasa kai da buhun algarara. Ta rasu a 2017.

Da na koma ɗakin kwana na daɗe ina tunani. Igiya da buhu da zare, ai duk muna da su. Ga rama a bayan gida, ga kaba, ga baba na rini. Hannun Kaka kuwa ba na jin ya gaza nata sanin zare. Bambancin da na gani shi ne, ita an ba ta aji ta koyar da ɗalibai shekara 25, shi kuwa ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa bai zauna ya koya ba. Yadin kanti ya fi araha, masu sayen gwado sun ragu, idonsa kuma ya fara rauni. Ranar da ya naɗe masaƙar nan, ba mai sake kafa ta a gidanmu.

Saboda haka ina da shawara biyu. Ta farko, ina roƙon hukumar makarantarmu ta riƙa gayyato masaƙa da marina su koya mana a darasin zane-zane, ko da sau ɗaya ne a zango. Ta biyu kuwa ga 'yan'uwana ɗalibai take: duk mai sana'ar gado a gidansu ya daina ɓoyewa, domin Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ni dai na riga na aika wa Kaka cewa hutun nan ya ajiye mini ƙoshiya. An ce da ya ji saƙon dariya ya yi, ya ce in fara da wadari tukuna. Allah Ya kai mu hutun lafiya, amin.